Wasiƙa: Masu haɗa malt da kunu a gida, lissafin sha'ir ba ya aiki a kan dawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da naga ya fara yawa tsakanin masu ƙananan sana'o'i, musamman mata masu kunun zaƙi da matasan da yanzu suke gwada haɗa lemon malt na gida da tsiron dawa ko gero. Abin da ke faruwa shine mutum zai shiga intanet ya kwaso ma'aunin haɗi na Turawa, kilo kaza na tsiro, lita kaza ta ruwa, digiri kaza na awa ɗaya, ya zo ya kwaikwaya tsaf da dawar da ya auno a kasuwa, ƙarshenta ya tashi da wani ruwa salam mai kauri kamar koko ba zaƙi ba komai, sai ya ce ai ƙarya ne ko kuma ya buɗe buhun suga ya antaya. Ma'aunin ba ƙarya bane, kawai dai an rubuta shi ne don wani hatsi daban, wato sha'ir, da wata hanyar jiƙo da tata daban, kuma su kansu masu shi in suka canza hanya sai sun sake lissafi.

Gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya faɗa min, yawancin ma'aunan nan daga wajen masu dafa giya a gida suka fito, a Amurka da Ingila da Jamus da Ostireliya. Ni Musulmi ne, ba na sha kuma ba na kiran kowa ya dafa. Amma ruwan zaƙin da ake tacewa daga tsiro kafin a saka masa yis ba shi da maye ko kaɗan, shi ne dai tushen Maltina da Malta Guinness da Amstel Malta da muke saka wa baƙi a faranti ranar suna. Daga tsiro zuwa tata hanya ɗaya ce, a wajen yis ake rabuwa. Kuma gaskiya mutanen nan sun fi kowa zama su lissafa wannan mataki, tunda aka halatta musu dafawa a gida, Ingila a 1963, Amurka kuma da dokar da Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, suka maida abin kamar darasin lissafi a bayan gida da gareji. To lissafin nasu nake so mu ɗauka.

Hatsi idan ya tsira yana fitar da wasu sinadarai da ke yanka sitaci su maida shi suga. Guda biyu ne manya, ɗaya ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 65 na ma'aunin Celsius kuma shi ne mai bada suga sosai, ɗayan ya fi son 68 zuwa 72, yana tsinka kauri amma yana barin abin da jiki-jiki. Da zafi ya kusa 80 duk sun mutu. Shi ya sa Bature zai ce maka ka riƙe jiƙon a 65 zuwa 67 na awa ɗaya, tsakiya kenan, kowanne ya samu ya yi aiki. Bayan nan sai a raba ruwan da dusa, a kuma ɗauraye dusar don a kwato sugan da ya maƙale a jikinta. A wajen ɗaurayar nan ne hanyoyi suka rabu, kuma anan ne ma'auni yake canzawa ba tare da mutum ya sani ba.

Akwai masu yayyafi, wato ruwan zafi yana sauka a hankali ta sama yayin da ruwan zaƙi yake fita ta ƙasa, minti 45 zuwa awa ɗaya ana abu guda. Wannan ita ta fi kwato suga, mai hannu yakan samu kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na abin da ke cikin tsiron, amma tana son haƙuri da tukunya mai rariya a gindi, kuma in ruwan ya samu hanya ɗaya ya riƙa bi ta nan to sauran dusar ba ta ɗauraye ba, an yi aikin banza. Akwai masu ɗauraya zubi-zubi, a tsiyaye ruwan farko duka, a zuba sabon ruwa a juya a bari ya kwanta a sake tsiyayewa, wannan ta fi sauƙi kuma takan bada wajen 70 zuwa 75. Sai waɗanda ba sa ɗauraya sam, ruwan duka a zuba lokaci guda a tsiyaye sau ɗaya, su kuma sukan tsaya a 60 zuwa 70. Sai ta ƙarshe wadda 'yan Ostireliya suka yayata a shekarun 2000, a zura babban ƙyalle kamar jaka a cikin tukunya a zuba garin tsiron a ciki, in an gama a ɗaga jakar a matse. Malam Edita in ka ga hotonta dariya za ka yi, ƙyallen tatar koko ne na iyayenmu ba wani abu ba, sai dai su sun ɗinka masa igiya.

To ga inda lissafin yake. A ce ma'aunin da ka samo ya ce kilo 5 na tsiro zai baka lita 20, kuma wanda ya rubuta da yayyafi yake yi yana kwato kashi 75, kai kuma ba ka ɗauraya, kashi 65 kake samu. In ka zuba kilo 5 ɗin nan abinka zai fito da ruwa-ruwa. Sai ka ninka 5 da 75 ka raba da 65, zai baka kusan kilo 5.8. In kashi 60 kake samu, kilo 6 da kwata kenan. In kuma kai ne mai hanyar da ta fi kwato suga sai ka rage tsiro, ba sai ka yi asarar hatsi ba. Shi kenan fa, amma da wuya ka ga an faɗi wannan a bidiyoyin girki da ake turawa a WhatsApp.

Abin da mutane suka fi kuskurewa, da sun ƙara tsiro sai su ƙara komai da komai. Citta da kanumfari da masoro ba ruwansu da yawan sugan da ka kwato, su yawan ruwan da za a sha suke bi, in lita 20 ce to lita 20 ce ko tsiron kilo 5 ne ko 6. Haka su ma Turawan da yawansu farin tsiro kawai suke ƙarawa, gasasshen da ke bada launin duhu da ɗan ɗaci ba sa ɗaga shi da yawa saboda launi yana saurin fita ko an ɗauraye ko ba a ɗauraye ba. Duk mai gasa ɗan tsiron dawa a kasko don lemonsa ya yi baƙi kamar na kamfani ya kula da wannan, in ba haka ba ƙauri zai rufe zaƙin.

Sai ruwa. Dusa tana shan ruwa ba ta maidowa, kusan lita ɗaya a kowane kilo in tsiyayewa kawai aka yi, in kuma matsewa aka yi a ƙyalle ya kan sauko kusan rabin haka ko sama kaɗan. Tafasa ma tana cin nata, lita 3 zuwa 4 a awa a tukunya madaidaiciya, in tukunyar mai faɗin baki ce irin ta biki kan itace to ya fi haka, kowa ya auna tasa. Saboda haka in kana son lita 25 a tukunya kafin tafasa da tsiro kilo 5, lita 30 za ka tanada. Mai zubi-zubi ya yi ƙoƙari ruwan farko da na biyu su zo daidai da juna, 12 da rabi 12 da rabi, nan ne ake samun suga mafi yawa. Duk mai wanki ta san wannan, ɗauraya biyu da rabin bokiti rabin bokiti ta fi fitar da sabulu akan ɗauraya ɗaya da cikakken bokiti. Mai jaka kuma ruwansa duka a tashi ɗaya yake shiga, don haka tukunyarsa sai ta fi girma, amma yana da damar niƙa tsiron da laushi tunda ƙyalle ba ya toshewa kamar rariya, kuma laushin niƙan yana maido masa da wani abu daga cikin sugan da rashin ɗauraya ya cinye.

Ruwan ɗauraya kada ya wuce digiri 78, kuma kada kwaɗayi ya sa a yi ta ɗauraya har ruwa ya koma fari. Masu awo suna tsayawa idan sugan da ke fita ya sauka wajen kashi 2 da rabi cikin 100, don daga nan abin da ke biyowa bauri ne daga ɓawon hatsi, mu kuma masu jar dawa baurin nata ma ya fi yawa. Tsofaffin masu dafawa a Ingila ma ba sa haɗa ruwan farko da na ƙarshe a tukunya ɗaya, na farko mai ƙarfi daban na baya mai sauƙi daban, kowanne da kuɗinsa. Mai kunu ma za ta iya haka, tatar farko a gora mai tsada, ta biyu ta yara.

Duk wannan da na faɗa akan sha'ir aka gina shi, kuma anan ne babbar matsalar take. Sitacin sha'ir yana nuna ne a wajen digiri 60 zuwa 65, wato daidai zafin da sinadaran suke aiki, shi ya sa Bature zai zuba ruwan ɗumi sau ɗaya a cikin kula ya rufe ya tafi ya dawo ya tarar da zaƙi. Dawa ba haka take ba. Sitacinta sai zafi ya haura 70 kafin ya buɗe, wani irin ma har kusa da 80, kuma kafin ka kai can sinadarin da ke bada suga ya riga ya mutu, gashi dama tun asali bai da yawa a tsiron dawa kamar yadda yake a sha'ir. In ka tsaya a 65 sitaci bai nuna ba, in ka wuce 75 ba mai yanka shi. Ko ka ninka tsiro sau biyu lissafin da na kawo a sama ba zai cece ka ba, hanyar jiƙon ce dole ta canza.

Kamfanonin Najeriya sun sha wannan wahalar da gaske. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole masu giya da masu malt suka koma kan dawa da masara, injinan da aka ƙera don sha'ir suka riƙa toshewa, aka shiga neman irin dawar da ta fi tsira da kyau, iri kamar SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da kuma farafara suka samu kasuwa, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya wato FIIRO da ke Oshodi a Legas ita ma ta yi aiki akan tsiron dawa. Daga baya an ɗage hanin amma dawa ba ta fita ba, har yau tirela-tirela ake lodinta daga Dawanau da kasuwannin Kaduna da Katsina zuwa kamfanoni. Manomanmu da yawa suna sayarwa ba su ma san ina take ƙarewa ba.

Mafitar da masana suka tsaya akai ga tsiron dawa, in ba za a sayo sinadarin kwalba a zuba ba, ita ce a raba aikin biyu. A dama garin tsiron da ruwa mai ɗumi-ɗumi wajen digiri 45 zuwa 50, a bari kamar rabin awa ya kwanta, sinadaran suna narkewa su hau cikin ruwan sama. Sai a tsiyaye ruwan saman nan a ajiye gefe, a ɗora kaurin da ya kwanta a wuta ya dahu sosai har ya zama kamar talge, a sauke a bari ya huce, sannan a maida ruwan da aka ajiye yadda haɗin zai tsaya wajen 62 zuwa 65, a rufe awa ɗaya. Za ka ga talgen nan mai kauri ya tsinke ya zama ruwa da kansa, ka ɗanɗana ka ji zaƙi. To Malam Edita wace mai kunun zaƙi ce ba ta san wannan ba? Ta raba ƙullu biyu, babban kaso ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta jira ya sha iska, sannan ta zuba ɗanyen kason da aka markaɗa da tsiron shinkafa ko busasshen dankalin Hausa, ta rufe. Shi dankalin nan ba don ɗanɗano kawai ake saka shi ba, yana ɗauke da sinadarin nan mai bada suga da dawa take da ƙarancinsa. Mata masu dolo, giyar dawa ta gargajiya a Burkina Faso, da masu burkutu da fito a nan ƙasar su ma tsiyaye ruwan sama suke su dafa na ƙasa su maida, masu dolo har da ruwan yauƙin karan kuɓewa suke sawa don garin ya yi saurin kwanciya. Jamusawa da mutanen Pilsen a ƙasar Cek su ma suna da tsohuwar hanyar ɗebo wani kaso na kaurin a tafasa a maida, ba mu kaɗai bane.

Inda nake ganin mu ke da rauni shine awo. Kalmar "ya sha iska" ita ce duk sirrin kunu kuma ita ce ba a aunawa. Ranar hunturu a Jos ko Zariya ƙullu yana hucewa cikin ɗan lokaci, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa zai daɗe da zafinsa, mai kunu ta zuba ɗanyen kaso da wuri zafi ya kashe sinadarin, kunu ya fito da kauri ba zaƙi, ta ce hannunta ne yau bai yi ba ko dawar ce ba kyau. In kuma ta bari ya huce da yawa aikin ya yi sanyi tsami ya riga zaƙi zuwa. Ma'aunin zafi na girki ba wani tsada gare shi ba in aka kwatanta da sugan da ake zubawa kullum don rufe wannan matsala, ga kuma yadda kuɗin suga yake yanzu. Akwai ma gwaji mai sauƙi, a ɗebi ɗan ruwan a farin faranti a ɗiga masa aidin na ciwo, in ya koma shuɗi mai duhu to da sauran sitaci a ƙara lokaci, in bai canza ba an gama. A zubar da wanda aka gwada fa, ba a maida shi tukunya.

Wajen tata ma dawa tana da nata hali. Sha'ir yana da ƙaiƙayi manne a jikinsa wanda ke zama kamar rariya a cikin dusa, dawa da gero ba su da shi bayan sussuka, shi ya sa duk wanda ya ce zai yi yayyafi da tsiron dawa zalla zai ga ruwa ya tsaya cak dusa ta dunƙule. Masu dafawa a waje in suna aiki da alkama ko wani hatsi mara ƙaiƙayi, ƙaiƙayin shinkafa suke saya su wanke su cakuɗa kamar kashi 5 cikin 100, abin da mu a Kura da Argungu tsibi-tsibi yake a bayan injin casa. Amma ni a ganina ga mai aiki a gida ƙyalle ya fi, a matse, a maida dusar cikin ɗan ruwan zafi a juya a sake matsewa sau ɗaya, ya isa. Kawai dai mutum ya san in yau ya matse gobe ya bari ya tsiyaye da kansa to ba abu ɗaya zai samu ba, kuma in ya ƙara ɗauraya ta uku don gora ta ƙaru to zaƙi ne yake rabawa.

Kada kuma wani ya sa ran zaƙin tsiro zai kai na lemon kanti. Sugan tsiro bai kai rabin sugan rake zaƙi a baki ba, ka duba jikin gwangwanin malt za ka ga su ma suna ƙara suga da launi. Abin da tsiro ke bayarwa shine ƙamshi da jiki da rage yawan sugan da za a zuba.

Abu biyu na lafiya ba zan tsallake ba. Saiwa da ɗan ganyen da ke fitowa a tsiron dawa suna ɗauke da guba, irin wadda ke kashe dabba in ta ci gyauron dawa, makiyaya sun san wannan sarai, don haka bayan an shanya tsiro ya bushe a murje shi a bushe saiwar nan tas kafin a kai niƙa, kuma duk tsiron da ya yi fumfuna a zubar kada a ce za a wanke. Na biyu, ruwan zaƙin nan in aka bar shi a ɗumi yis ɗin da ke cikin iska da jikin roba zai kama shi da kansa ba sai an gayyace shi ba, ya fara kumfa, gora ta kumbura, daga nan kuma an fara shiga inda ba a so. A tafasa shi bayan tata, a sanyaya da wuri, a yi daidai wanda za a sayar a ranar ko washegari in akwai firij da wuta. Kamfani yana dafa nasa a cikin kwalba bayan an rufe shi ya sa yake wata da watanni, na gida ba haka yake ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, idan za ku buga yadda ake haɗa kunu ko malt a shafin girki ko na sana'a, don Allah ku riƙa tambayar mai bayanin da wane hatsi, kilo nawa, ruwa lita nawa, a wane zafi aka haɗa, kuma ta yaya aka tace, matsewa ko tsiyayewa, ɗauraya nawa. "Mudu ɗaya" kaɗai ba ya wadatarwa tunda mudun Kano daban na Jos daban ga kuma masu tiya. Sannan in da hali ku tura wakilinku Samaru ya zauna da masu binciken dawa su faɗa mana da Hausa wane iri ne ya fi tsira da zaƙi cikin waɗanda ake samu a kasuwa yanzu, kaura ko farafara ko sababbin, da kwana nawa ya kamata a bar tsiro a lokacin zafi da lokacin sanyi, don azumi in ya zo masu wannan sana'a ba sa samun lokacin gwaji.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna.